Muryar da Ke Kiran Bisera

Shafi na 9

Masu ta tambayata a ƙasan shafin jiya, na ga saƙonninku, ku yi haƙuri ban amsa kowa ba. Wannan shafin sau uku ina rubutawa ina gogewa. Ga shi dai yadda ya yarda ya fito.

*

Kwana biyu ke nan da gidan talabijin ya sanar cewa ƙasarmu za ta koma gasar waƙa ta ƙasashen Turai, bayan shekarun da muka yi muna kallon tutocin mutane daga kan kujera, kuma yayata Trayana ce za ta je. Kwana biyu ke nan da aka saka waƙarta karon farko, kakarmu Petkana tana jin farkonta ta saki tukunyar wake a ƙasa.

Tun daga lokacin ba ta ce da ni uffan ba. Zannuwa kawai ta ɗebo ta bi maduban gidan ta rufe, yadda ake yi idan akwai gawa a ɗaki.

Shi ya sa na kira Yaya na ce ko me take yi a Sofiya ta ajiye ta taho.

Da hantsi motar ta iso, ranar Asabar ɗin tuna matattu. Kamen ne ke tuƙi, mutumin da ya haɗa mata waƙar. Ya tsaya daidai ƙofar gida ya sauke gilashi, bai kashe motar ba saboda sanyi.

"Malama Zornitsa ta littattafai! Har yanzu wanda na gan ki da shi bara kike karantawa, ko kin kai shafi na biyu?"

Na yi murmushi kawai. Kullum sai mutum ya tafi amsa take zuwa min.

"Ki gaya wa tsohuwa minti arba'in gare mu, ƙarfe shida muna da hira a Sofiya. Ni ba zan shiga ba, rigimar gidan mata ba ta karɓe ni ba. Akwai abin da nake ƙarasawa."

Ya jawo kwamfutarsa daga kujerar baya.

Yaya ta fito cikin doguwar rigar sanyi da baƙin gilashi. A jikin ƙofa akwai takardar rasuwar innarmu Gergina, wadda Kaka ke sabuntawa duk shekara idan ruwa ya cinye ta baya. Ta shafi hoton da yatsu biyu ta wuce. Na bi ta.

Madubin zaure ta fara cin karo da shi a lulluɓe.

"To! Wa ya mutu? Ko akuyar nan ce ta gaji da mitarki ta huta?"

Kaka tana gaban murhu tana juya alkamar da za a raba a maƙabarta. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Cire wannan baƙin abin a fuskarki. Nan ba gidan rawa ba ne."

"Ina kwana dai, tsohuwa mai ran ƙarfe. Jikarki za ta ɗauki tutar ƙasa, duk garin Smolyan ana yi min murna, har mai sayar da mai bai karɓi kuɗinmu ba. Ke kuwa kin rufe min madubi don kar in ga kyauna."

"Zauna."

Yaya ta dube ni. Na dubi ƙasa. Ta zauna, ta cire gilashin.

Ga waɗanda ba su ji waƙar ba, idan akwai wanda ya rage: babu kiɗa a farkonta. Muryar wata mata ce daga tsohon kaset, tana ƙarar yashi, tana jan suna ɗaya kamar daga ƙetaren kwari. Bisera. Sai Yaya ta amsa a hankali, ga ni. Matar ta sake kira, Yaya ta sake amsawa da ƙarfi, sannan ganguna su shigo. Cikin kwana biyu har yaran makaranta sun mayar da ita wasa, wannan ya kira, wancan ya amsa.

Kaka ta sauke tukunyar, ta goge hannu a gaban rigarta.

"Ina kuka samo muryar nan?"

"Au, wannan ce duk rigimar? A ma'ajiyar tsofaffin waƙoƙi Kamen ya tono ta. Wasu ɗaliban jami'a ne suka ɗauka tun da can, lokacin da suke yawon ƙauyuka da rikoda. A jikin kaset ɗin an rubuta, mace tana kukan mamaci, ba a san sunanta ba. Yawancinsa ya lalace, ɗan abin da ya fita muka ɗauka."

"Kukan mamaci kuka ɗora wa ganga."

"Kaka, haka ake yi yanzu. Turawan can abin da suke so ke nan, abin gargajiya mai tayar da tsigar jiki. Matar ma ta daɗe da mutuwa, Allah Ya jiƙanta."

"Ta mutu?"

"To kaset ɗin ya kusa shekara talatin."

"Ga ta nan tana dafa miki alkama."

Yaya ta kwashe da dariya har da buga tebur.

"Ke? Ke da ko a coci ba kya buɗe baki? Zori, kin taɓa jin tsohuwar nan ta rera ko ta korar kaji?"

Ban taɓa ji ba. Na girgiza kai.

Kaka ba ta yi musu ba. Ta dafa bakin tebur da hannu biyu, ta ɗan sunkuya, ta rufe ido. Jikinta ya fara lilo gaba da baya.

Sai ta buɗe baki.

Muryar ta dusashe, ta tsage a tsakiya, amma ita ce. Yadda take hawa ta rataye a sama sannan ta faɗo kamar an yanke igiya, babu mai iya kwaikwayon wannan. Kuma ba ta tsaya inda kaset ya tsaya ba.

"Ruwan da na ɗora miki ya huce,
wa zai yi miki wanka a can?
Gergina, kin fita ba safa a ƙafarki,
ƙasar can sanyi gare ta..."

Akuyar da ke bayan gida ta yi shiru. Ni dai na ji gashin hannuna ya miƙe.

Dariyar Yaya ta bushe a fuskarta.

"Gergina kika ce."

"Na ce."

"Kukan Inna ne? Kukan innarmu nake rerawa wata uku ban sani ba?" Ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah. To me ya hana ki faɗa? Ai wannan... Kaka, wannan ma ya fi kyau! Duk Turai za ta ji sunanta. Ita da ta so waƙa ba ta samu ba."

"Rufe min baki."

A hankali ta faɗa, amma Yaya ta rufe.

"Shekara ashirin ni ce mai kukan mamaci a ƙauyen nan da ƙauyuka uku na sama. In an yi mutuwa kafin a kira limamin coci ni ake kira. Wadda ta koya min abu ɗaya ta sa na rantse a kai. Ba a yi wa mai rai. Ko da wasa, ko don koyo. In za ki gwada murya, ki tafi daji ki yi wa dutse."

Ta zauna. Ban taɓa ganin ta zauna alkama tana jiran sukari ba.

"Zori, ke ce mai karatu. Wace shekara aka rubuta a takardar ƙofa?"

Na faɗa mata.

"Ke kuma, wace shekara aka rubuta a kaset ɗinku?"

Yaya ta buɗe baki, ta tsaya. Na ga tana lissafi da ido.

"Kuskure suka yi," ta ce. "Ɗalibai ne, ƙila..."

"Ba su yi kuskure ba. Shekara biyu da wata ɗaya tsakani."



"Kaka," na ce, "tana da rai kika yi mata?"

"Tana tsaye da ƙafafunta, da akwati a hannu."

Kaka ta ci gaba.

"Kakanku bai cika kwana arba'in a kabari ba. Baƙaƙen kaya ne a jikinmu. Ta zo ta ce min wai uban nan naku mai kiɗa ya samo mata wuri a Sofiya, za ta riƙa waƙa a gidan cin abinci, daga nan sai rediyo. Na ce ki bari a yi arba'in. Ta ce motar yau ce. Na ce in kika fita ƙofar nan da baƙin kaya kika je kika yi wa mashaya waƙa, ni ba ni da 'ya. Ta ce to."

"Sai ta fita," in ji Yaya.

"Sai ta fita. Na bi ta har bakin ƙofa. Ban shirya ba, Allah Ya sani. Zuciya ce. Na kama ƙyauren nan na kwance ɗankwalina, na fara. Maƙwabta suka fito suna tsammanin wani ya faɗi. Waɗannan yaran masu rikoda suna gidan maƙwabciyata Tsona suna shan madara, ashe sun leƙo ta katanga sun kunna abinsu. Ban ma gan su ba."

"Ba wanda ya hana ki?"

"Tsona ta riƙe ni tana cewa Petkana ki ji tsoron Allah. Na ture ta. Na iya aikina, 'yar nan. Ranar ma na fi kowace rana iyawa."

Hawaye suka zubo wa Yaya, ta share da bayan hannu, kwalli ya ɓata mata kunci.

"Ciwon huhu ne ya kashe Inna," ta ce. "Ɗaki ba wuta, sanyi ya shige ta. Haka likita ya rubuta. Waƙa ba ta kashe mutum, Kaka."

"Haka ya rubuta."

"Shekara kusan talatin kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Shi ya sa kika daina waƙa?" Ta miƙa hannu ta kama na Kaka. "Ni na yafe. Zori ma ta yafe. Ko ba haka ba, Zori?"

Na ɗaga kai. Ban san ko na yafe ba, amma na ɗaga.

Kaka ta zare hannunta.

"Ba yafiya nake nema a wurinki ba. Waƙar nan ce ba za ki yi ba."

"Kaka."

"Ba za ki yi ba."

Yaya ta miƙe tsaye. Nan take ta koma Trayana ta talabijin.

"Kin san abin da kike cewa kuwa? Jibi Litinin za a miƙa waƙar ga masu gasar, daga ranar ko numfashi ba a canzawa a ciki. Shekara nawa ƙasar nan ba ta je ba? Mutum nawa suka nema aka ba ni? Shekara tara ina waƙar biki, ana watsa min kuɗi a goshi, maye yana jan rigata. Yanzu in je in ce musu me? Kakata ta rufe madubi?"

"Ki ce musu ba ki da lafiya."

"Lafiyata ƙalau!"

"Yau."

"Kin ga, tsohuwa, kar ki fara min irin wadda kika yi wa Inna. Ni ba zan tsaya a ƙofa in saurara ba."

Maganar ta faɗi a tsakiyar ɗakin. Yaya da kanta ta tsorata da ita, na gani a idonta.

Ni kuma abu ɗaya yake ta cina tun ɗazu. Na san in ban tambaya yanzu ba, ba zan taɓa iyawa ba.

"Kaka... sunan Inna Gergina."

"Eh."

"To wace ce Bisera?"

Kaka ta dube ni. Kamar ta ji haushina, kamar kuma ta gode.

"Ba akwati kaɗai ne a hannun uwarku ba ranar. A ɗaya hannun akwai jaririya 'yar wata takwas."

Yaya ta ce, "Ni ce ai. Kin sha faɗa, da ni ta tafi."

"Da ke ta tafi. Da na ga ta juya baya da ke a kafaɗa, kina kallona kina tsotsar yatsa, sai na haɗa ku duka biyun. Na ce in za su tafi su tafi gaba ɗaya. Na kira ta, na kira ki."

"Sunana Trayana."

"Sunan da uwarki ta raɗa miki Bisera."

Yaya ta yi wata dariya marar daɗin ji.

"Katin shaidata yana cikin jaka. In ɗauko miki? Takardar haihuwata, takardar coci, fasfo..."

"Sau huɗu na je kotun Smolyan da ƙafata kafin su yarda su canza. Takardar coci kuwa a hannuna aka yi miki baftisma, uwarki ba ta kai ki ba."

"Ƙarya ne."

"Ranar da aka kawo gawar Gergina aka kawo ku. Zori tana cikin tsumma, wata huɗu. Ke kina neman shekara uku, jikinki kamar garwashi. Tarin da ya tafi da ita shi ne a ƙirjinki. Likita ya zo ya duba, ya ce in shirya. Kwana uku ba ki buɗe ido ba. Na san abin da ake nema. An zo an ɗauki ɗaya, an dawo ɗaukar ta biyun, don biyu na kira."

Na taɓa karanta abin da za ta faɗa a wani littafin al'adu. Na ɗauka shekara ɗari da suka wuce aka daina.

"Na naɗe ki a bargo na miƙa ki ta tagar nan." Ta nuna tagar da ke bayan Yaya. "Na ajiye ki a kan hanya, cikin ƙanƙara, na rufe taga. Na zauna a nan na ce da ƙarfi, Bisera ba ta gidan nan, mai nemanta ya nema gaba. Tsona ta zagayo ta ɗauke ki, ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce Petkana na tsinci yarinya a hanya, ba ta da kowa, kina so? Na ce yaya sunanta? Ta ce Trayana. Na ce shigo da ita."

"Sai na warke," Yaya ta faɗa da gatse, amma muryarta ba ta bi ta ba.

"Washegari kika nemi madara."

Yaya ta matsa daga jikin tagar.

"Duk ƙauyen nan sun sani. Babu wanda ya ƙara furta sunan nan, ko cikin maye. Wata uku kina kuka in an ce Trayana, kina cewa ba ke ba ce. Na dake. Har kika manta. Waɗanda suka sani duk suna can gangare a maƙabarta, yau zan kai musu alkama. Na ce shi ke nan, sirri ya bi su. Sai shekaranjiya ina zaune, na ji muryata a cikin akwatin talabijin ɗin nan tana nemanki." Ta dubi Yaya. "Na ji kin ce ga ni."

"Ni fa, Kaka?" Ban san lokacin da ya fita daga bakina ba.

"Ke ba a haife ki ba. Ba kya ciki."

Ya kamata in ji daɗi. Ban ji ba.

Yaya ta koma ta zauna a hankali, kamar mai tsoron kujerar za ta karye. Ta kalli tafin hannunta.

"Ranar da Kamen ya fara kunna min kaset ɗin," ta ce, "ba ma saurara nake ba. Ya kunna kusan ashirin, duk na gaji, ina danna waya ina cin gurasa. Sai matar ta yi kira." Ta tsaya. "Na ce na'am."

Kaka ta rufe ido.

"Ban san na faɗa ba. Har na waiwaya bayana. Kamen ya yi tsalle ya ce wannan ita ce waƙar, haka za mu yi ta, ta kira ki amsa. Muka yi ta dariya."

Ba ta dariya yanzu.

"Kuma duk sanda na amsa a situdiyo, sai in ji kamar... kin san in kin makara, wani yana tsaye yana jiranki a tasha, bai ce komai ba, yana dai jira? Haka. Na ɗauka alamar waƙa mai kyau ce."

"Ki bar ta, 'yar nan."

"In na bar ta na gama, Kaka. Ba za a sake kirana ba har abada. Kuma ai an riga an yi! Duk ƙasar nan ta ji na amsa. Sau ɗari na amsa wajen gwaji. Ga ni zaune, me ya same ni?"

Kaka ta matso da kujerarta.

"Sau nawa na kira a cikin waƙar taku?"

"Biyu."

"Kin tabbata? Ni shekaranjiya ban kai ƙarshe ba."

"Biyu ne," na ce. "Na ƙirga."

Ta sauke wani dogon numfashi, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

"Kiran mamaci uku ne. Na farko don ya ji. Na biyu don ya waiwayo. Na uku shi ne sallama, daga shi sai a ɗauki akwatin gawa. Shi ya sa ake yi wa wanda ba zai iya amsawa ba." Ta kalli ƙofa. "Uwarku ta yi banza da ni a na farko. Ta yi banza da ni a na biyu. A na uku tana taka matakalar mota, ta juyo ta ce, na ji, Inna, ya isa."

"Ni kuma?"

"Ke ba ki iya magana ba. Abin da ya cece ki ke nan, shi ya ba ni wurin da na ɓoye ki. Naki na ukun yana nan a buɗe, ba a amsa ba."

Yaya ta yi ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi.

"To ki kwantar da hankalinki. Na ukun babu shi. Daidai nan kaset ɗin ya tauna kansa, ƙara ce kawai kamar ana soya ƙwai. Biyu muka samu, biyu zan amsa. Kin ga ke nan kowa ya samu nasa. Ni in je in ɗauki tutata, ke ki buɗe madubanki, Zori ta koma ta auri littafinta."

"Ki rantse ba za ki amsa na uku ba. Ko a ina kika ji shi."

"A ina zan ji shi?"

"Ki rantse."

"Na rantse da kabarin Inna. Shi ke nan? Zuba min alkamar nan, tun asuba ban ci komai ba."

Kaka ta miƙe. Ta barbaɗa sukari da kirfa, ta zuba a ƙaramin kofi ta miƙa mata. Yaya ta karɓa ta ce Allah Ya gafarta musu, kamar yadda ake cewa. Ta kai cokali ɗaya baki.

Sai ta daina tauna.

"Yaya, lafiya?"

"Kamen," ta ce.

"Me ya yi?"

"A hanya yake ce min ƙarshen waƙar bai cika ba. Wai alƙalan can suna son abu ya hau sau uku. Ya ce ya samo wata sabuwar manhaja mai wanke ƙara daga tsohon sauti, kwana biyu yana fama, yana da abin mamaki da zai nuna min kafin Litinin." Ta ajiye kofin. "Ban tambaye shi ko mene ne ba. Barci nake ji."

Kaka ta riga mu fahimta. Ta nufi ƙofa, amma ƙafar tsohuwa ce.

Daga waje muka ji an ƙure sifikun mota. Ƙarar yashin nan ta cika tsakar gida.

"Biseraaa..."

Daga bakin ƙofar gida yake fitowa. Daidai ƙyauren.

Muryar Yaya ta cikin waƙar ta amsa a hankali. Yaya ta gaske tana tsaye kamar an dasa ta, leɓɓanta suna bin kalmar ba sauti. Wata uku tana gwaji, bakinta ya riga ya saba.

"Kamen!" na yi ihu. "Kashe! Kashe shi!"

Ina zai ji ni.

"Biseraaa..."

Na biyu. Waƙar ta amsa. Nan ganguna suke shigowa, na san wurin, kowa ya sani.

Gangunan ba su shigo ba.

Shiru ya biyo, mai tsawo. A cikinsa aka ji mace tana jan numfashi, tas, babu ko ɗigon ƙara, kamar tana tsaye a zaure.

Kaka ta juyo daga bakin ƙofar ɗaki, fuskarta fara fat.

"Zori, bakinta!"

Ban san yadda na tsallake teburin ba. Kofin alkama ya tarwatse. Na cafke Yaya ta baya na danne bakinta da hannuna biyu, da duk ƙarfin da ban san ina da shi ba. Ita ma ta ɗora nata hannuwan a kan nawa ta ƙara dannewa.

Kiran ya zo. Bai yi kama da na farkon biyu ba. Babu fushi a cikinsa, lallashi ne, irin yadda ake kiran yaro ya shigo gida.

"Bisera."

Na ji leɓɓanta suna motsi a tafin hannuna. Na ji haƙoranta. Na ƙara matsewa har yatsuna suka sage. Ko iska ba ta fita ba, na rantse muku, ko iska.

Ɗaya. Biyu. Uku. Ina ƙirgawa a raina.

Kaka ta fara sauke kafaɗa.

Sai daga bakin ƙofa, da muryar Yaya, sarai, wadda Kamen ya yanko daga baya ya manna a gurbin:

"Ga ni."

Hannuwan Yaya suka saki nawa.